Soja a Filin Ƙwallon 'Yan Makaranta: Tsokaci Kan Mafara, Bakura da Maradun

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Sakkwato a 'yan shekarun nan ya san cewa tun daga Bunguɗu da Maru, har ya ratsa Talata Mafara ya kai Lambar Bakura, zai yi ta cin karo da shingayen jami'an tsaro, direba na rage gudu, fasinjoji na gyara zama. Idan kuma tafiyar ta yamma ce, bayan La'asar, zai ga wani abu na biyu da ba kasafai matafiya ke kula da shi ba. A kusan kowane fili da ke bakin gari akwai samari, wasu da takalmi wasu babu, sun kafa duwatsu ko sanduna biyu a matsayin raga suna ta buga tamaula cikin ƙura. Wani lokaci tsakanin sojan da ke bayan buhunan yashi da yaron da ke bin ƙwallo bai fi taku ɗari biyu ba, amma a zuci tazarar ta fi ta Mafara zuwa Ikko. A kan wannan tazara nake son in yi tsokaci a yau, da kuma tambayar ko wasan ƙwallon ƙafa na iya rage ta ba tare da ya jefa yaran cikin wani sabon haɗari ba.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin ko su wane ne waɗannan yara. Ɗalibin da ke manyan azuzuwan sakandare a wannan yanki a yau yana ƙarshen firamare ko farkon ƙaramar sakandare a shekarar 2021, shekarar da ba za ta goge daga zukatan mutanen Zamfara ta Yamma ba. Ranar 26 ga Fabrairu ta wannan shekara 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, suka kwashe ɗalibai 279, sai ranar 2 ga Maris aka sako su. A tsakiyar watan Agusta aka auka wa Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Bakura, aka kashe ɗan sanda da masu gadi, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma, da rana tsaka, aka sace ɗalibai fiye da 70 daga makarantar jeka-ka-dawo ta garin Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Ƙananan hukumomi uku maƙwabtan juna, makarantu uku, cikin wata bakwai. Bayan na Kaya ne gwamnatin jiha ta rufe makarantu, aka katse layukan waya, a daidai lokacin da aka hana cin kasuwannin mako-mako, a yankin da babban garinsa ma daga ranar kasuwa ya samo sunansa. Yaran da suka rayu cikin wannan zamani sun yi watanni a gida ba aji ba allo, kuma abu guda da bai tsaya musu ba shi ne ƙwallon bayan La'asar.

To, me zai hana sojan da aka girke a garinsu ya shigo wannan fili ya zama musu jagora? Abin da ke hanawa na farko shi ne tarihi. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman Bakolori wuta, mutanen da suka fito neman diyyar gonaki da gidajen da aikin madatsar ruwa ya cinye. Gwamnatin wancan lokaci ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin da masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Na san masu ilimi za su ce ai 'yan sanda ne ba sojoji ba, kuma gaskiyarsu, sai dai a idon baƙauye kaki kaki ne, bindiga bindiga ce. Kakannin yaran da nake magana a kai su ne suka ga wannan rana. Iyayensu kuma sun ga yadda taron miƙa 'yan matan Jangebe ga iyalansu ya rikice har jami'an tsaro suka yi harbi. Su kansu yaran sun ji labarin Tungar Kara a ƙasar Maradun, inda a watan Janairun 2025 jirgin yaƙi ya saki bam a kan mutanen gari da 'yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Adalci kuma ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Sojoji da yawa sun bar iyalansu a Inugu da Ogbomosho da Biu da Zuru, suka zo suka mutu a dazuzzukan Zamfara suna kare mutanen da ba su taɓa sani ba, kuma akwai ƙauyukan da ba don sansanin soja da ke kusa da su ba da tuni sun zama kufai. Tun daga Harbin Kunama a 2016, da Sharan Daji, da Hadarin Daji, har zuwa Fansan Yamma da aka kafa a 2024, sunayen rundunonin duk na Hausa ne, amma yawancin samarin da ke cikinsu ba su da aboki ko ɗaya a garuruwan da suke gadi in ban da mai shayi da mai cajin waya. Kowa na tsoron kowa. Soja na ganin kowane saurayi zai iya zama mai kai wa 'yan bindiga rahoto, saurayi na ganin kowane soja zai iya sa shi tsallen kwaɗo a gaban jama'a saboda bai sauka daga babur da wuri ba.

Alaƙar mai kaki da ƙwallon 'yan makaranta a ƙasar nan tsohuwa ce ƙwarai, ta ma girmi Nijeriyar kanta. Wasan ƙwallon ƙafa na farko da aka rubuta labarinsa a wannan ƙasa an yi shi ne a Kalaba a 1904, shekara goma kafin haɗewar Kudu da Arewa, tsakanin ɗaliban makarantar Hope Waddell da sojojin ruwan Ingila na wani jirgi mai suna Thistle, kuma ɗaliban ne suka ci 3 da 2. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙirƙiro bikin wasanni na ƙasa a 1973 musamman domin matasan da yaƙi ya raba su sake haɗuwa a fili guda. A Jihar Tsakiyar Yamma ta wancan lokaci Samuel Ogbemudia, gwamnan soja, ya mayar da wasannin makarantu abin alfahari, kuma har yau ana ambatonsa da wannan. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta sha zama a hannun hafsoshi, cikinsu har da Kanar Abdulmumini Aminu da Birgediya Dominic Oneya wanda ya taɓa mulkin Kano. Gasar matasa mafi daɗewa da muka sani a Arewa, wato Kofin Ramat da ake yi a Kano, sunan soja take ɗauke da shi, marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad. A maƙwabciyarmu Nijar, ƙungiyar sojoji ta AS FAN ta kai zagayen rukuni na Kofin Ƙalubale na Afirka a 2010, yayin da ta sojojin Maroko ta ɗauki kofin zakarun nahiyar tun a 1985. Ke nan ba wani baƙon abu nake kawowa ba.

Amurkawa sun tsara nasu fiye da kowa. Tun daga farkon shekarun 2000 har zuwa 2018 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ce ke ɗaukar nauyin wata babbar gasa ta fitattun 'yan sakandare a birnin San Antoniyo na Jihar Tekzas, a irin tasu ƙwallon da ake runguma a hannu a ruga da ita. Akan haɗa 'yan wasan da sojojin da suka yi fice a fagen daga, su shafe kwanakin gasar tare, suna cin abinci tare, sojan na ba yaron labarin juriya da biyayya da aiki tare. Abin na da ban sha'awa a talabijin. Amma kada mu ruɗi kanmu, manufar farko ta wannan hidima ita ce tallar aikin soja, domin tun 1973 Amurka ta daina tilasta wa matasa shiga soja, dole ta nemi hanyar jawo su. Mu kuwa ba mu da ƙarancin masu neman shiga soja. Duk wanda ya taɓa ganin dandazon samari ranar tantance masu son tafiya Defo na Zariya ya san haka. Abin da muka rasa shi ne yarda, saboda haka idan za mu ari wani abu daga Amurka, to mu ari dabarar haɗa yaro guda da babba guda na tsawon lokaci, mu bar musu tallar.

Na san amfanin wannan dabara domin na ɗanɗana ta. A makarantar kwana da na yi a shekarun 1980, a tsohuwar Jihar Sakkwato, malamin da aka ɗora wa wasanni malamin lissafi ne da bai damu da fili ba, sai ya sakar wa wani tsohon soja da ke cikin ma'aikatan makarantar ragamar horar da mu. Saje kawai muke ce masa. Ya yi yaƙin basasa, yana ɗingishi kaɗan, Hausarsa ta bariki ce wadda ba ta bambanta mace da namiji, mukan yi ta dariya a ɓoye. Bai san dabarun ƙwallo na zamani ba, kuma bai taɓa nuna ya sani ba. Abin da ya sani shi ne lokaci. In ya ce ƙarfe huɗu, wanda ya zo huɗu da minti biyar ya zama ɗan kallo a ranar ko da shi ne mai cin ƙwallayen ƙungiyar. Shi ya koya mana ɗaure targaɗe, da yadda ake kwantar da wanda ya suma, da cewa ba a yi wa alƙalin wasa gardama ko da ya yi kuskure a bainar jama'a. Kuma shi ne ya hana mu raba ƙungiya gari-gari, 'yan Mafara gefe, 'yan Gummi gefe, kamar yadda muka saba. Yakan jera mu ne bisa tsawo ya ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Daga cikinmu babu wanda ya zama shahararren ɗan wasa, amma na lura har yau abokan ajina da suka bi ta hannun Saje ba sa makara a taro.

Wannan ƙirga ta ɗaya, biyu ita ce abin da Zamfara ta fi buƙata a yanzu. Babbar ɓarnar da rikicin nan ya yi, bayan rayuka, ita ce raba Bahaushe da Bafulatani, mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna musayar nono da hatsi, suna auratayya, suna sallah a sahu guda. Akwai garuruwan da yaron ruga ba ya iya shigowa kasuwa ba tare da fargaba ba, akwai kuma dazuzzukan da yaron gari ba ya iya shiga yin itace. Ɗan gari da zai ce a sa ɗan Fulani a ƙungiya, za a zarge shi. Bafulatanin da zai kawo ɗansa shi kaɗai, zai ji tsoro. Soja kuwa, da yake baƙo ne ba shi da gona ba shi da garke a yankin, kuma shi kansa a bariki yake kwana ɗaki ɗaya da Tibi da Bayarabe da Babarbare, yana iya jera yaran ya ƙirga ba tare da an ce ya ɗauki ɓangare ba. Ba na cewa wasan minti casa'in zai dawo da shanun da aka sace ko ya tayar da waɗanda aka kashe. Abin da nake cewa shi ne yaron da ya saba miƙa wa wani ƙwallo sau uku a mako zai yi wuya a shawo kansa cewa wannan wanin dabba ne.

Shi ma sojan zai ƙaru. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta umarci dakarunta su koyi Hausa da Yarbanci da Ibo, abin da ya ba ni mamaki kaɗan, ganin cewa ita kanta rundunar daga 'yan Hausawan Glover na 1863 ta samo asali, kuma Hausa ce harshen bariki a zamanin Turawa. Babu ajin koyon harshe da ya kai filin ƙwallo. Sojan da ya san sunayen yara ashirin a gari, ya san wanda mahaifinsa ke hannun masu garkuwa, da wanda ke zuwa fili ba tare da ya ci abincin rana ba, ba zai ɗaga wa mutanen garin bulala da sauƙin da yake yi a da ba.

Sai dai fa akwai haɗari, kuma ba ƙarami ba ne. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, har ma Abuja ta karɓi baƙuncin babban taronta na huɗu a watan Oktoban 2021. Ginshiƙin wannan yarjejeniya shi ne a nisantar da harkar soja daga makarantu, domin makarantar da aka ga masu bindiga na shiga da fita cikinta ta zama abin hari. A ƙasar Maradun da Bakura wannan ba zancen takarda ba ne. 'Yan bindiga suna da idanu a cikin gari, kuma an sha kashe mutane bisa zargin suna kai wa jami'an tsaro labari. Yaron da aka gani kullum yana raha da soja, gobe in aka kai farmaki a maɓoyar ɓarayi, wa zai tsaya masa? Akwai kuma jarabar da ke tattare da aikin tsaro shi kansa: hafsan da ke neman bayanai ruwa a jallo zai ga yara talatin da suka san kowace hanya da kowane baƙo a gari, zuciyarsa ta raya masa ya ɗan tambaye su. Ranar da aka yi wa yaro tambaya ta farko irin wannan, ranar shirin ya tashi daga tarbiyya ya koma leƙen asiri da 'ya'yan mutane. Mun ga yadda ta kaya a Barno, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 'yan Kato-da-Gora cikin jerin masu amfani da ƙananan yara, sai da suka sa hannu a wani shiri a 2017 suka sallami yaran, sannan aka cire sunansu a 2021.

Saboda haka ni a ganina inda za a yi abin ya fi komai muhimmanci. Kada soja ya bi yara makarantun ƙauye. A fara daga cikin garin Talata Mafara, inda dama akwai makarantar sakandaren kimiyya ta Kwamand ta maza da sojoji ke gudanarwa, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau. Ganin soja a irin waɗannan wurare ba sabon abu ba ne, ba zai ja ido ba. Ƙungiyoyin makarantun Bakura da Maradun su riƙa zuwa da malamansu, a motar haya ba ta soja ba, a gama kafin rana ta yi sanyi domin kowa ya isa gida da haske. Malamin wasanni na makaranta shi ne shugaba a fili, soja mataimakinsa ne, cikin rigar wasa, kuma iyaye su sa hannu kafin a ɗauki ɗansu. Bulala da gwale-gwale su tsaya a ƙofar bariki. A hana ɗaukar hotunan yaran ana bazawa a Facebook da sunan nuna kyakkyawar alaƙar soja da farar hula, domin hoton da zai faranta wa wani ofis rai a Abuja yana iya zama takardar hukuncin kisa a wani ƙauye.

Ga ƙauyuka kuwa, amsar tana hannun 'yan mazan jiya. Babu ƙaramar hukuma a cikin ukun nan da ba ta da tsofaffin sojoji da suka yi ritaya suka dawo gida, wasu sun yi Laberiya da Saliyo, wasu sun yi Darfur, suna zaune suna jiran fansho. Ɗan gari ne, an san gidansu, ba ya ɗauke da makami, kuma ba za a yi masa canjin wurin aiki bayan wata shida ba, wanda shi ne babban raunin sojan da ke bakin aiki: yaro na fara sabawa da shi sai a wayi gari an mayar da shi wata jiha. Ɗan alawus kaɗan da kwas na mako biyu a kan horar da yara ya isa a mayar da irin waɗannan dattawa su zama Sajen wannan zamani. 'Yan mata ma kada a manta da su. Akwai sojoji mata, kuma wasan da za a yi a cikin harabar makarantarsu, a tsakaninsu, cikin suturar da iyaye suka yarda da ita, ba zai saɓa wa al'adar kowa ba.

Saura batun kuɗi, wanda a nan ne nake jin ɗan ɗaci. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24, mulkin Zamfara a hannun 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku yake: Ahmad Sani Yariman Bakura shekara takwas, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara shekara takwas, Bello Matawalle na Maradun shekara huɗu, wanda kuma aka naɗa Ƙaramin Ministan Tsaro a 2023. Yankin da ya fitar da manya irin waɗannan bai kamata a ce yaransa na buga ƙwallo da raga ta duwatsu ba. Kofunan da 'yan siyasa ke sawa idan zaɓe ya ƙarato, a raba riguna masu hoton ɗan takara a watse, ba su nake nufi ba. Maƙwabtanmu sun nuna cewa ƙasar nan na fitar da gwanaye: Shehu Abdullahi na Sakkwato ya ciyo tagulla a gasar Olamfik ta 2016, Zaidu Sanusi ɗan Jega kuwa shi ya ci ƙwallon da ta ba Porto kofin gasar lig ta Fotugal a 2022. Ƙungiyar Zamfara United ma ta taɓa fafatawa a babbar gasar ƙasa. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023, kuma ina ganin wasannin makarantu na da gurbi a ƙarƙashinta, tunda yaron da ke da wasa ranar Alhamis yana da dalilin zuwa aji ranar Laraba, musamman in aka sa sharaɗin cewa wanda bai cika kwanakin zuwa makaranta ba ba zai taka fili ba.

Abin da ake buƙata a fara bai wuce zama guda ba tsakanin Birged ta 1 da ke Gusau, da Ma'aikatar Ilimi, da sarakunan Mafara da Bakura da Maradun, da shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai, a rubuta sharuɗɗan da Hausa a karanta su a masallatan Juma'a. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kawar da amfanin gona, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da yara suka huta da aikin gona, filaye suka bushe, zafi kuma bai sauko ba. Makarantu shida sun isa gwaji a shekarar farko, biyu daga kowace ƙaramar hukuma, da ƙwallaye goma-goma, da akwatin magani, da tankin ruwan sha a bakin fili.